Za a cire zane da wasan kwaikwayo a ƙara lissafi, me zan faɗa wa kwamiti?

Malama Rabi'atu:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da iyaye, musamman waɗanda suka taɓa shiga irin wannan takaddama.

Ina koyar da aji biyar na firamare, kuma ni aka ɗora wa darasin zane da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta. Ba fannin na karanta ba, ranar rabon aiki ne ni kaɗai ban ce ba na so ba. A jadawalinmu zane yana da darasi biyu a mako, wasan kwaikwayo kuma yana cin awa ta ƙarshe ta ranar Alhamis. Sakamakon lissafi na zangon da ya wuce ya yi muni, sai shugaban makaranta ya kawo shawarar a ɗauke waɗannan lokutan a mayar da su na lissafi. Kwamitin iyaye da malamai zai zauna mako mai zuwa, an kuma ce za a ba ni dama in yi magana kafin a yanke hukunci.

Shugaban ba azzalumi ba ne, kuma maganarsa tana kan hanya: yara sun faɗi, iyaye suna ƙorafi, awoyin makaranta ba sa ƙaruwa. Ɗana ma yana cikin waɗanda suka faɗi, saboda haka abin ya shafe ni ta ko'ina.

Sai dai akwai abin da nake gani a aji wanda na kasa samun yadda zan faɗe shi. Yaranmu ko wane aiki aka ba su, kafin malami ya ajiye alli sun ɗaga hannu, wai sun gama. A darasin zane ne kawai nake iya mayar da yaro kan aikinsa ba tare da ya ɗauka horo nake yi masa ba. In na raba musu ganye na ce a zana, kusan kowa zai zana ganyen da ke cikin kansa, mai siffar ƙwai da layi ɗaya a tsakiya, na gabansa ko kallo bai ishe shi ba. Sai in ce, naka ai tsutsa ta huda shi, ina hudar? Jijiyoyinsa daga wuri ɗaya suke rabuwa ko saɓa wa juna suke yi? Ya koma ya duba. Zanensa na uku ba ya kama da na farko ko kaɗan, kuma ba sai na gaya masa wanne ya fi ba, da idonsa yake gani. Wannan a wurina karatu ne, amma ba shi da gurbi a takardar sakamako.

Wata abokiyar aikina ta ce kada in wahalar da kaina, in ce musu kawai bincike ya tabbatar kiɗa da zane suna ƙara basira, har an gano sauraron kiɗan Mozart, wani tsohon makaɗin Turai, yana buɗe ƙwaƙwalwar yaro, wai iyaye za su karɓa nan take. Shin haka ne? Ba na son in tsaya gaban mutane in faɗi abin da wani zai tashi ya ƙaryata. In kuwa ba haka ba ne, me zan ce wa uban da zai tambaye ni abin da zane zai tsinana wa ɗansa?

Malam Jibrin:

Wa alaikumus salam Malama. Maganar Mozart ɗin nan ki bar ta a gida, kada ta bi ki zaman. Ina koyar da ilimin halayyar yara a kwalejin horar da malamai, kuma kowace shekara sai ɗalibai sun kawo mini ita.

Asalinta wani ɗan gwaji ne da aka wallafa a 1993 daga Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine. Ba jarirai aka gwada ba, ba kuma yaran firamare ba, ɗaliban jami'a ne su 36. An kunna musu kiɗan na minti 10, sai aka ga sun ɗan fi ƙoƙari a wani gwaji na juya siffofi a cikin tunani, kuma kafin minti 15 tasirin ya gushe. Shi ke nan labarin. Jaridu ne suka hura shi, har a 1998 gwamnan jihar Jojiya ta Amurka, Zell Miller, ya nemi a ware dala 105,000 don a raba wa kowane jariri faifan kiɗa. Masu binciken da suka maimaita gwajin daga baya yawancinsu ba su sami wani abin a zo a gani ba.

Koyon kiɗa kuwa, wanda ya bambanta da sauraro, an gwada shi da kyau a Kanada. Glenn Schellenberg ya ɗauki yara 144 'yan shekara 6 ya raba su kashi huɗu: masu koyon fiyano, masu koyon rera waƙa, masu wasan kwaikwayo, da waɗanda ba a ba komai ba. Bayan shekarar karatu guda, kamar yadda ya wallafa a 2004, kowane rukuni ya ƙaru a gwajin kaifin basira, domin duka suna zuwa makaranta, amma masu kiɗa sun ɗara sauran da maki kusan uku. Ƙari ne, amma ɗan kaɗan. Abin da mutane ba sa ambato shi ne 'yan wasan kwaikwayon ne suka fi samun ci gaba wajen iya zama da mutane.

Shawarata ita ce kada ki gina hujjarki a kan cewa zane zai gyara lissafi. Ko da gaskiya ne, kin ba su wuƙar yanka ki. Uba mai hankali zai ce, in lissafi muke nema, me ya sa za mu bi ta zagaye? A koyar da lissafin kai tsaye mana. Ranar da sakamako bai tashi ba kuma, darasinki ne zai fara tafiya, da hujjar da kika kawo da bakinki. Ellen Winner da Lois Hetland na Jami'ar Harvard sun tattara binciken shekaru masu yawa a 2000, suka ce yawancin abin da ake yaɗawa alaƙa ce kawai, ba sanadi ba. Yaran da ke zuwa darasin kiɗa galibi iyayensu masu hali ne, gidansu akwai littattafai, ko ba kiɗan za su ci jarrabawa. Ɗaya daga cikin 'yan wuraren da suka ga sanadi ƙarara shi ne wasan kwaikwayo a cikin aji: yaron da ya taka rawa a labari ya fi fahimtarsa da riƙe shi, kuma bakinsa ya fi buɗewa. Malaman fasaha da yawa sun ji haushinsu a lokacin, amma ni ina ganin gata suka yi wa fannin.

In kina son adadin da zai tsaya da ƙafarsa, ga na birnin Houston na Amurka. A shekarar karatu ta 2016 zuwa 2017, aka ɗauki makarantu 42 daga cikin waɗanda suka nemi shiga wani shiri na ƙara darussan fasaha, aka jefa ƙuri'a, rabi suka samu, rabi suka jira. Yara sama da 10,000 ne, daga aji uku zuwa aji takwas. Amfanin ƙuri'ar shi ne ba wanda zai ce makarantun masu gata aka zaɓa. Daniel Bowen da Brian Kisida suka bi sawu, suka tarar yawan yaran da aka hukunta kan rashin ɗa'a ya ragu da kashi 3.6 cikin ɗari, makin rubutun insha'i ya tashi, tausayin juna ma ya ƙaru a amsoshin da yaran suka bayar. Lissafi bai tashi ba. Amma bai kuma faɗi ba, duk da lokacin da fasahar ta ci. Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce taki, domin shugabanku yana ɗauka cewa duk awar da aka ba zane an sace ta ne daga lissafi.

Sannan ki tambaye shi cikin ladabi: an binciki dalilin faɗuwar? In yara sun iso aji biyar ba su riƙe jadawalin sau ba, ƙarin darasi uku na irin koyarwar da ba ta shige su ba, ba zai shigar da ita ba.

Baban Yasir:

Malama, ki yi haƙuri, ni ina ɓangaren shugaban, kuma gara ki ji daga bakina yanzu da ki ji a zauren.

'Ya'yana uku sun bi ta firamare. Abin da na ga ana kira darasin zane shi ne malami ya zana kofi a allo, yara su kwafa, ya bi yana sa maki bakwai, takwas, tara, ba wanda ya san dalilin bambancin. Wani lokaci ma malamin ba ya shiga, a ce su yi zane su yi shiru. Wasan kwaikwayo kuma sai ƙarshen shekara ake tunawa da shi, a zaɓi yara biyar masu baki, a ba su haddar magana, sauran su zauna suna kallo har a tashi. In wannan za a cire, wallahi ba a yi asarar komai ba.

Malam Jibrin ya kawo Houston. Na yarda da adadinsa, amma can ƙwararru aka kawo daga waje, aka kai yara gidajen kallo, da kuɗin da aka ware. Malama da bakinta ta ce ba fanninta ba ne. Sannan yaron da ya fita firamare bai iya raba lamba ba, ƙofar kimiyya ta rufe masa, ba a sake buɗe ta a sakandare. Wanda bai iya zana ganye ba fa, wace ƙofa ce ta rufe? In yana da baiwar, zai yi abinsa a gida. Ba wanda ya koya wa babban ɗana zane, ga shi duk bangon ɗakinsa ya cika.

Ba ina raina aikinki ba ne. Abin da kika faɗa na ganye ya burge ni. Amma ke ɗaya ce, jadawali kuma yana nan bayan an canza miki aji.

Hajiya Mairo:

Baban Yasir, rabin maganarka gaskiya ce. Kwafar kofi daga allo ba zane ba ne, kuma ban ga laifin uban da ya ƙi ta ba. Amma tambayarka ta wace ƙofa ce ke rufewa, ni zan amsa, domin kimiyyar halittu na koyar a sakandare har na yi ritaya.

Ɗalibin da ya fi ba ni wahala shi ne wanda zai leƙa madubin ƙara girma, ya ɗago, ya zana mini hoton da ya haddace daga littafi. Ka sa masa fatar albasa, ya zana maka ƙwayar halitta da duk sassanta da sunayensu, har waɗanda madubin namu ba zai iya nunawa ba. Ya ci jarrabawa, amma bai ga komai ba. Irin wannan in ya zama ma'aikacin ɗakin gwaji, abin da yake tsammani zai rubuta, ba abin da ke gabansa ba. Ciwon da Malama take magani da ganyenta ke nan, kuma a aji biyar ya fi saurin jin magani.

Mutumin da ya fara nuna cewa ƙwaƙwalwa ƙwayoyin jijiya ne rarrabe, ba saƙa ɗaya ba, Santiago Ramón y Cajal ne na ƙasar Sifaniya. Yana yaro mai zane yake son zama. Mahaifinsa likita ne, ya ƙi, har ya kai shi koyon aski da ɗinkin takalma don ya rabu da abin. Daga baya uban ya ga hannun yaron zai yi amfani wajen zana ƙasusuwa, suka daidaita. Cajal ya bar zane kusan 3,000 na abin da ya gani a madubi, ya karɓi kyautar Nobel a 1906 tare da Camillo Golgi. Abin mamakin shi ne su biyun da hanya ɗaya ta rina ƙwayoyin jijiya suke aiki, wadda Golgi ya ƙirƙiro, abu ɗaya suke kallo, amma Golgi ya tsaya kan cewa saƙa ɗaya ce. Cajal ne ya yi daidai. Ba na cewa zane kaɗai ya ba shi, amma mutumin da dole ya yanke inda layi ya ƙare kafin ya ja shi a takarda, kallonsa daban ne.

A Jami'ar Yale ma wani likitan fata, Irwin Braverman, ya lura ɗalibansa ba sa iya siffanta ƙurjin da ke gabansu. Sai ya riƙa kai su gidan adana zane-zane, a tsayar da kowa gaban hoto ɗaya ya faɗi abin da ya gani dalla-dalla, ba fassara. Sakamakon da suka wallafa a 2001 ya nuna sun fi takwarorinsu lura da alamomi a hotunan marasa lafiya. Ɗaliban likitanci ke nan, manya, ana mayar da su darasin da Malama Rabi'atu take yi.

Maganar baiwa kuma, ranka ya daɗe, ba ma cewa mai baiwar lissafi ya je ya yi abinsa a gida.

Ɗan Dandali:

Kowa ya yi maganar aji, bari in yi ta wajen aji, tunda awar Alhamis ɗin ce ba wanda ya tsaya mata.

Aikina ke nan, wasan kwaikwayo da matasa da ƙungiyoyin mata, galibi a fili, ba labule ba fitila. Hanyar da muke bi ta Augusto Boal ce, ɗan ƙasar Birazil, wanda gwamnatin soja ta kama a 1971 ya yi gudun hijira. Yadda take: a shirya gajeren wasa kan matsalar da mutanen wurin suka sani, a kai shi inda ya ƙare da muni, sai a sake shi daga farko. A zagaye na biyu duk ɗan kallon da ya ga inda aka kuskure zai ce a tsaya, ya shigo ya karɓi matsayin wanda ake zalunta, ya gwada tasa dabarar. Sauran 'yan wasan kuma ba za su sauƙaƙa masa ba, za su mayar masa da martani yadda mutum na gaske zai yi. Sai ka ga mai cewa ai da ni ne da na yi kaza ya shigo da ƙarfinsa, minti biyu ya rasa ta cewa, wata dattijuwa da ba wanda ya zata ta taso ta warware abin da jimla ɗaya.

Na ga an tattauna abubuwa a irin wannan fili da ba a iya ɗaga su a taron unguwa: dukan mata, bashin da ya raba maƙwabta, malamin da ke cin zarafin ɗalibai. Dalili shi ne ba sunan kowa ake kira ba, sunan ɗan wasa ne, saboda haka wanda abin ya shafa yana iya magana ba tare da ya tona kansa ba. Boal ya kai abin har majalisa. An zaɓe shi kansila a birnin Rio de Janeiro, ya yi daga 1993 zuwa 1996, yana tura ƙungiyoyinsa unguwanni su yi wasa, shawarwarin 'yan kallo su zama ƙudiri, har 13 daga ciki suka zama doka.

Wanda ke ganin wasa wasa ne kawai, ya tambayi gwamnatin Kenya ta wancan zamani. A ƙauyen Kamiriithu, manoma da ma'aikata suka gina dandali da hannunsu, suka yi wasa cikin harshen Gikuyu kan ƙasa da talauci a 1977. Mutane suka riƙa zuwa daga nesa. Aka janye izinin wasan, aka tsare marubuci Ngugi wa Thiong'o kusan shekara guda ba shari'a, a 1982 kuma aka rushe dandalin. Littattafansa na Turanci sun daɗe a kasuwa ba a tsare shi ba, sai da talakawa suka hau dandali da harshensu.

Baban Yasir ya ce yara biyar ake zaɓa. Haka ne, kuma kuskure ne, domin an mayar da abin nunin ƙarshen shekara. A hanyarmu ba ɗan kallo zalla. Malama, ɗauki abin da ya faru a filin wasan makarantarku, babba ya ƙwace wa ƙarami abu, ki sa su yi shi, ki bar aji su gwada mafita ɗaya bayan ɗaya. Ba kaya, ba hadda, ba kuɗi.

Ƙarin bayani ɗaya, tunda na san wani zai ba ki shawarar ki ambaci El Sistema, shirin koya wa yara kiɗa na Benezuwela. Labarin yana da daɗi: José Antonio Abreu ya fara da matasa 11 a wurin ajiye motoci a Karakas a 1975, abin ya zama ƙungiyoyin kiɗa na yara dubu ɗaruruwa, har ya fitar da Gustavo Dudamel da ya jagoranci babbar ƙungiyar kiɗa ta Los Angeles. Amma da aka gwada shi da ƙuri'a kan yara kusan 3,000, abin da aka gani a rahoton 2017 shi ne kamun kai ya ƙaru, rigima ta ragu, musamman ga yara maza da suka taso cikin tashin hankali, kaifin basira kuwa bai motsa ba. An kuma tarar matalauta ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na yaran da aka gwada ba, alhali da sunansu ake tallar shirin. Ina faɗa ne don mu masu wannan sana'a muna da halin zuzuta kanmu, kuma shi ke sa irin su Baban Yasir su daina saurarenmu.

Ustaz Nura:

Malama, akwai abin da ba a ambata ba wanda zai iya taso miki a zaman. Wasu iyaye ba lokaci ne damuwarsu ba, addini ne: kayan kiɗa da zana mai rai. Malamai sun yi saɓani a kan waɗannan tun da daɗewa, kuma zaman kwamiti ba wurin warware shi ba ne. Kada ki shiga jayayyar. Ki nuna musu cewa ko an ajiye waɗannan biyun gefe, abin da ya rage yana da yawa.

Ibn Muƙla, waziri a Bagadaza wanda ya rasu a 940, shi ya ɗora rubutun Larabci a kan ma'auni. Ɗigon alƙalami shi ne awo, tsawon alif adadin ɗigo ne sananne, sauran haruffa kuma ana auna su da da'irar da alif ya raba biyu. Yaron da ke koyon wannan yana koyon gwargwado da hannunsa. Haka zayyanar bangon masallatai da fadoji: da kamfas da rula ake fitar da ita. A ja da'ira, a dasa kamfas a gefenta ba tare da an canza buɗinsa ba, a zagaya, sai da'irori shida su kewaye ta cif, daga nan tauraro mai tsini shida ya fito, daga shi mai goma sha biyu. In yaro ya yi sakaci da tsinin kamfas kaɗan, ta shidan ba za ta haɗu da ta farko ba, kuma takardar ce za ta gaya masa, ba malami ba. Mai zanen nan na ƙasar Holan, Escher, ya je fadar Alhambra a Sifaniya a 1922 ya koma a 1936 yana kwafar irin wannan zayyana, daga nan aikinsa ya sauya.

Waƙa ma haka. Khalil bin Ahmad na Basra ya zauna ya fitar da ma'aunan waƙar Larabci 15 tun ƙarni na 8, kuma malamai sun daɗe suna tsara nahawu da fiƙihu cikin baitoci don sun san abin da aka rera ya fi zama. In jadawalin sau ne ya gagari yaranku, ku sa su tsara shi da kansu cikin ƙafiya.

Amma ina tare da Malam Jibrin, kada ki sayar da zayyana a matsayin lissafin da ya sake riga. Ki ce abu ne mai kyau da ya cancanci yaro ya iya, wanda kuma ya haɗa hanya da lissafi.

Malama Rabi'atu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mozart ya zauna a gida.

Ga abin da na tsara. Zan tafi da zanen ganyen yara, na farko da na uku na kowane yaro a manne gefe da gefe, in baza a tebur kafin in ce komai. Zan kawo maganar Houston yadda take, har da cewa lissafi bai tashi ba. Sannan zan nemi a ba malamin lissafi dama ya gwada yaran a gano ainihin inda suka tsaya, domin ni ina zargin tun daga aji uku aka bar su, ɗana dai na san a nan ne.

Ba zan ce kada a taɓa komai ba. Zan miƙa darasin zane ɗaya na tsawon zango guda, in riƙe ɗaya da awar Alhamis, da sharaɗin a sake zama in sakamako ya fito. Na san wasu za su ce na sayar da rabi tun kafin a taya, amma na san mutanen da zan tsaya gabansu.

Baban Yasir, maganarka ta cewa ni ɗaya ce ita ta fi tsaya mini. Zan rubuta darussan zangon dalla-dalla, abin da za a kawo aji da tambayoyin da za a yi, yadda duk wanda ya gaje ni ba zai koma kofi ba. Ustaz, kamfas ɗinmu ba su kai yawan yara ba, zare da ƙusa za su yi? Ɗan Dandali, yarana sun haura 50, ta yaya ake hana zagaye na biyu zama hayaniya?

Ɗan Dandali:

Ki raba su gida biyar, kowane gida ya tattauna ya turo mutum ɗaya da mafitarsa. Ke ce mai tsayar da wasa, ba su ba, har sai sun saba. Kuma kada ki faɗi wace mafita ta fi, ki tambayi wanda ya fito a azzalumin ko ta sa ya ja da baya.

Ustaz Nura:

Za su yi, amma zare yana miƙewa. Ki yanka kwali siriri, ki huda shi biyu, ƙusa a huda ɗaya, fensir a ɗayar.

Baban Yasir:

In kin rubuta darussan ki turo in gani. Ƙaramar 'yata tana aji huɗu, zan gwada na ganyen da ita ranar Asabar. A kan darasi ɗayan da kika miƙa kuwa, har yanzu ina ganin biyu ya kamata.